Wanda Ya Ci Ba Ya Tashi

A gindin darbejiyar da ke bayan tashar manyan motoci a Illela akwai majalisar 'yan dara, kuma dokarta ɗaya ce: wanda ya ci ba ya tashi. Sai dai a ci shi ya ba wani wuri, ko ladan ya kira salla kowa ya watse. Ba wanda ya san wanda ya kafa dokar. Amma na ga mutumin da tuwonsa ya huce a gida saboda ita, na ga wanda ya matse fitsari har idonsa ya kaɗa. Abin da iyayensu suka hana su tun suna yara ba su bari ba, amma dokar da aka kafa kan 'yan ramuka a cikin ƙasa, wannan kam ba mai taka ta.

Maccido ɗan kamasho ne na motocin albasa, shi ke haɗa masu kaya da direbobin da ke tsallakawa Konni ta ƙasar Nijar. Da aka rufe boda sai aikin ya tsaya cik. Motoci suka yi layi a bakin titi, direbobi suka shanya wanki a jikin madubi, shi kuma ya tare a gindin darbejiya daga hantsi har magariba. Dama ya iya dara tun yana saurayi, zaman banza kuwa ya ƙara masa hannu. Aka kai lokacin da in ya zauna da tsinkayensa goma sha biyu, mai duwatsu sai dai ya yi ta tashi wani na zama. A duk majalisar Baba Maharazu ne kaɗai ke iya tada shi, tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, wanda ake cewa ya girmi darbejiyar ma.

Wannan zama shi ya ci masa aure. Wata rana mahaifiyarsa ta zame a makewayi ta karye a ƙafa. Matarsa Marwa, lokacin cikinta na fari ya fara fitowa, ta kasa ɗaga tsohuwar ita kaɗai. Ta kira wayarsa, ya duba ya ga ita ce, ya kife wayar a kan tabarma don wasa ya ɗau zafi. Ta sake kira, ta sake. Daga nan ta ja mayafi ta yi abin da mace ba ta taɓa yi ba a unguwar, ta tako har tsakiyar majalisar maza ta tsaya a kansa.

"Tashi, Inna ta hwaɗi," in ji ta.

"Bari in ƙarasa wagga," ya ce, ko kansa bai ɗago ba.

Sai ta sa ƙafa ta share darar, tsinke da dutse da ramukan duka, ta mayar da wurin fili. Can sai Sabi'u ɗan canji, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya kasa riƙe dariya. Dariyar nan ita ta gama komai. Maccido ya miƙe, ya ce mata ta tafi gidansu, ya sake ta saki ɗaya. Ta dube shi, ta juya, ta je ta kira maƙwabta suka ɗaga Inna, sannan washegari yayanta Jabiru ya ɗauke ta a babur ta ɓarauniyar hanya zuwa gidan ubansu a Konni. Shi kuwa gogan, a ranar, ya koma ya zauna yana sake haƙa ramukan da yatsa, ya ce don kowa ya ji: "Daga yau ba macen da za ta ƙara tada ni daga bisa dara."

Ni dai ban taɓa jin maganar banza da ta yi wa mai ita tsada kamar wannan ba.

Don Maccido yana son matarsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tun da ta tafi ya daina kwana a ɗakinta, ya koma zaure, don ba ya iya ganin jeren kwanukanta. Innarsa kuwa tana amsa gaisuwarsa, daga nan ba ta ƙara masa ko kalma. Kuma hanyar gyara a buɗe take. Malam Idi limamin unguwa ya kira shi ya warware masa komai: iddar mai ciki haihuwarta ce. Muddin Marwa ba ta haihu ba, zai iya mayar da ita da kalma ɗaya a gaban shaidu biyu, ba sadaki, ba neman izinin kowa. Amma da zarar ɗa ya faɗo, shi ke nan, sai dai sabon aure, sabon aure kuwa sai ubanta ya yarda. Ubanta Alhaji Hammadu, Bafillace dillalin shanu da ba ya faɗin magana sau biyu, ya riga ya aiko da tasa: in jikansa ya iso duniya kafin Maccido ya buɗe baki, to kada ya ƙara tako ƙofarsa da zancen aure.

Kalma ɗaya ce, amma ta gagare shi faɗi. Kullum sai ya ce gobe. Abin da ya ƙara sangarta shi, al'ada ce mace ta koma gidansu haihuwar fari, don haka duk wanda bai san labari ba sai ya ɗauka goyon ciki ta tafi, shi ma har ya fara yi wa kansa wannan ƙaryar. Ya sha zuwa zauren Malam Idi da niyyar faɗi, ya durƙusa, ya gaisa, sai ya ga akwai baƙon ido a wurin, ya ɓige da tambayar hukuncin ƙabli da ba'adi. Malam ya amsa masa wannan tambayar har ya gaji.

Ranar da nake ba ku labari, an sauko daga azahar ke nan, gari ya yi zafi irin na ƙarshen damina, hadari ya taru a gabas ya ƙi zuba. Maccido ya gama tada wani direba daga kan dara, yana tattara tsinkayensa, sai ga Jabiru a babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya kafe babur ɗin, ya yi sallama, ya bi kowa da hannu har Maccido, don abokai ne tun kafin su zama surukai. Sannan ya zauna a benci kusa da Baba Maharazu ya yi magana da shi, amma da muryar da kowa zai ji.

"Baba, a sa mu addu'a. Marwa na bisa gwiwa tun hantsi."

"Allah shi raba lahiya," in ji tsohon. Sauran suka amsa da amin, kowa na duban wani wuri daban, wani ƙasa, wani layin motoci. Ba wanda ya dubi Maccido, kuma ba wanda bai san shi ake jira ba.

Maccido ya ji kamar an zuba masa ruwan randa a baya. Zuciyarsa ta ce masa ya faɗa yanzu, ga shaidu sun fi goma. Amma shaidun nan su ne suka ga mace ta share masa dara da ƙafa, su ne suka ji alwashin da ya ci. Ya saci kallon Sabi'u, ya ga yana sosa gemu. A'a, ba a nan ba, ba a gaban wannan bakin ba. Zai je ya sami Malam Idi a zaurensa, a kira ladan ya zama na biyu, a gama a rufe ba wanda ya ji. Tafiyar ba ta da nisa, bayan masallaci ne kawai.

Sai dai shi ya ci, kuma wanda ya ci ba ya tashi. In ya miƙe yanzu ba a ci shi ba, daga jin labarin naƙuda, ko jaririn goye ya san abin da ya tada shi. Kafin magariba labari ya kai kasuwar shanu: macen da ya rantse ba za ta ƙara tada shi ba ta tada shi tun daga Konni, tana kwance ma. Ya lissafa a ransa. La'asar za ta sallame shi, kuma ya sha jin mata na cewa haihuwar fari takan daɗe. Amma da ya ɗaga kai ya ga inda rana take, sai ya ga la'asar ta yi masa nisa. Ya yanke shawara: wasa na gaba zai bari a ci shi, ya tashi kamar kowa, ya karkaɗe riga ya ce bari ya zaga.

A daidai lokacin Baba Maharazu ya ɗauki buta ya nufi bayan wata mota, ya yafito Sabi'u da ido. Sabi'u ya bi shi.

"Ka hwaɗa ma sauran, kar wanda ya ci shi yau," in ji tsohon a hankali. "Na san yaron ga tun shina yawo ba wando. In anka ci shi bisa wanga baƙin ciki, tashi za shi yi, shi tahi shi ruhe kainai ɗaki har a yi suna. Nan ko ga mu, ga shaidu. A bar shi shi yi ta ci, rainai shi yi sanyi, bakinai shi buɗe."

Sabi'u ya ce haka ne. Dama tun ranar dariyar nan abin na cin sa a rai, bai dai san yadda ake ba namiji haƙuri kan dariya ba. Ya dawo ya raɗa wa na kusa, na kusa ya raɗa wa na gaba, sannan ya tattare riga ya zauna gaban Maccido ya ɗebi duwatsu.

Da Maccido ya ga Sabi'u ne, sai ya ji sanyi. Sabi'u ya iya wasa, kuma ba shi da tausayi a kan dara, in ya ga kafa ba ya ƙyalewa. Suka zuba 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya har kowa ya gama, aka fara tafiya. A dara, in ka jera uku a layi ka ci ɗa ɗaya na abokin wasanka, don haka rabin wasan tsare hanya ne. Maccido ya ɗauke tsinken da ya tare wa Sabi'u hanya ya matsar da shi gefe, ya bar masa rami a buɗe, dutse biyu na jiran na uku. Ko makaho ya shafa ya san ci ne.

Sabi'u ya ƙura wa darar ido, ya ciji leɓe kamar mai zurfin tunani, sannan ya ɗauki wani dutse can a kusurwa ya tura shi inda ba ya tare komai ba ya cin komai.

Maccido ya ɗago ya dube shi. Ya sake buɗe wata kafar. Sabi'u ya sake kauce mata, har ma ya janye nasa dutsen da ke tsare layin Maccido. Haka suka yi ta yi, wannan na miƙa wuya wancan na ɓoye wuƙa. Tun da aka fara dara a gindin darbejiyar nan ba a taɓa buga mummuna irin ta ranar ba. Wani direba Bakano da motarsa ta maƙale a layi, bai san hawa ba bai san sauka ba, ya leƙo ta kafaɗar mutane ya ce, "Wai wannan wace irin dara ce? Malam, ga ci nan a gabanka, ko ba ka gani ne?" Baba Maharazu ya watsa masa wani kallo, mutumin ya ja bakinsa ya koma inuwar motarsa.

A ƙarshe dole wani ya ci, kuma Sabi'u ya fi Maccido iya lalata wasa. Ya zubar da duwatsun da suka rage masa, ya miƙe yana cewa, "Kai, yau hannunka da zahi, ba a iya maka." Wani ya zauna. Shi wannan ko ɓoyewa bai iya ba, tun wajen zubi ya watsa duwatsunsa kamar mai ba kaji tsaba. Maccido ya ci shi ba da son ransa ba.

Nan fa wani tunani ya shige shi, kuma shi ya fi komai muni. Ya gane da gangan suke yi. Amma bai ga tausayi a ciki ba, ina zai gani, mutumin da ya shafe wata da watanni yana jiran a yi masa dariya. Ya ɗauka sun haɗa baki ne su tsare shi a nan, su zuba ido su ga ranar da Maccido zai durƙusa ya lashe maganarsa. Ransa ya ɓaci, wuyansa ya ƙara sandarewa. Ga tsoro kuma na cin sa, don duk babur ɗin da ya wuce sai ya ji kamar mai kawo labari ne.

"Baba," ya ce da Maharazu, "kai ka zamna mana. An kwan biyu ba mu taɓa ba."

Ya san in tsohon ya zauna da gaske, wasa ɗaya ya isa.

"Idona ba shi gani yau, ɗana," in ji Baba Maharazu. "Ku dai yi, muna kallo." Ya faɗi haka yana jin daɗin dabararsa, har da gyara zama.

Inuwar darbejiya ta ɗan matsa gabas. Jabiru na zaune a benci da wayarsa mai layin Nijar a hannu, yana juya ta, yana dubawa, ba kira. Maccido ya dubi wayar, ya dubi mutanen, ya ji ba zai iya ƙara jira ba. Ya ajiye tsinkayen, ya gyara murya.

"Jama'a," ya ce.

Kai, da ma ba su juyo gaba ɗaya ba. Da wani ya ci gaba da hirarsa, da wani ya yi tari, da an wuce wurin. Amma duk suka juyo lokaci guda, aka yi shirun da har ana jin rediyon mai shayi daga tsallaken titi. Sabi'u, don ya ƙarfafa masa gwiwa, ya sakar masa murmushi. Maccido ya ga haƙoran nan, ya tuna inda ya taɓa ganinsu.

"Wa ad da goro?" ya ce.

Baba Maharazu ya lalubo ɓari a aljihu ya miƙa masa. Maccido ya karɓa ya jefa a baki, ya kasa taunawa.

Jabiru ne ya gaji. Ya sa wayar a aljihun gaba, ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa gaban surukinsa, ya tattara duwatsun. Shi ba ɗan dara ba ne sosai, shanu ya sani, amma ya san dokokin wasan. Suka fara zubi. Yana ajiye dutse yana magana ƙasa-ƙasa, idonsa a kan ramuka.

"Ba roƙonka ya kawo ni ba, Maccido. Ita ma ba ta aiko ni ba, ka san halinta."

Maccido ya dasa tsinke.

"Da Alhaji yac ce a zo a kwashe kayan ɗakinta, ita tah hana. Ta ce a bari tukuna." Ya ajiye wani dutsen. "Yau da sahe, ciwo na cinta, tana tambayata ko ƙahwar Inna ta hwara taka ƙasa."

Idon Maccido ya ciko. Ya sunkuyar da kai kamar mai nazarin wasa, don kada a gani. Yana son ya ce da Jabiru, ka ci ni don Allah, ka tada ni, minti kaɗan nake nema in je bayan masallaci in dawo. Amma faɗin wannan ma ai faɗin komai ne. Sai ya faɗe shi da hannu: da aka fara tafiya, ya janye tsinkensa daga tsakiya, ya buɗe wa Jabiru layi biyu lokaci guda, irin kafar da in mutum ya samu zai yi ta buɗewa yana rufewa yana ci har wasa ya ƙare.

Jabiru ya gani. Hannunsa ya tafi kan dutsen, ya tsaya. Ya dubi fuskar Maccido, kamar ya fara fahimtar wani abu. Sannan ya waiwaya wajen Baba Maharazu, don saƙon tsohon ya iso kunnensa shi ma. Baba Maharazu ya girgiza kai kaɗan. Jabiru yaro ne a gabansa, kuma an yi masa tarbiyyar da ba a musu da furfura. Ya ɗauke hannunsa ya taɓa wani dutsen.

"Ci mana," in ji Maccido. "Ga shi nan gabanka. Ci."

"Ban gani ba," in ji Jabiru.

"Jabiru, don girman Allah."

"Na riga na taɓa wanga. Wanda anka taɓa shi aka tahiya da shi."

Wasa ya ci gaba, in wasa ne. Da yake kowa na gudun ci, 'ya'yan suka cunkushe wuri ɗaya, tsinke ya tare dutse, dutse ya tare tsinke. Aka zo kan Maccido. Ya duba dama, ya duba hagu, ya bi tsinkayensa ɗaya bayan ɗaya da ido. Duk a toshe suke, sai guda ɗaya tak mai rami a gabansa, kuma in ya tura shi nan ya cika uku. Ba a cewa an fasa tafiya a dara, ba a kuma cika uku a ƙi ɗaukar ɗa. Ya zauna yana kallon ramin nan, gumi na bin bayan kunnensa, goro na nan a kumatunsa bai tauna ba. Tun da yake bai taɓa jin ya tsani abu kamar yadda ya tsani cin nan ba.

Sai wayar Jabiru ta yi ƙara a aljihu.

Kowa ya daskare. Jabiru ya zaro ta, ya dubi lambar, ya ce, "Konni ta." Yatsansa ya nufi wurin amsawa.

"Tsaya," in ji Maccido. Ya tofar da goron. Maganar ta fito masa a guje, da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, har direbobin da ke inuwar mota suka ɗago. "Na maida ta. Na maida matata Marwa ɗakinta. Ku shaida, Baba, Sabi'u, ku duka ku shaida."

"Mun shaida," in ji Baba Maharazu, fuskarsa ta washe. Sauran suka amsa, wasu har da tafa hannu. Ba wanda ya yi dariya. Sabi'u ma juya baya ya yi yana goge ido da hular kansa. Maccido ya ga haka, ya ji wani abu ya sauka daga ƙirjinsa, ya kuma ji kunyar da ta fi ta farko, don sai yanzu ya gane abin da suke yi masa tun ɗazu.

Jabiru ya kara wayar a kunne. Da Fillanci yake magana, yaren gidansu, wanda Maccido bai iya ba sai gaisuwa, don haka fuskarsa kawai yake karantawa. Ya ga ta saki, ya ji ya yi hamdala. Sannan ya ji ya yi wata tambaya gajera, ya saurara, ya sake maimaita ta. Fuskar ta canza.

"An sauka lahiya," ya ce da jama'a, wayar na kunnensa. "Ɗiya mace."

Aka ɗauki barka, hannuwa suka yi ta zuwa wajen Maccido. Baba Maharazu ne kaɗai bai miƙo nasa ba, yana kallon Jabiru.

"Yanzu-yanzu ta sauka?" ya tambaya.

Barkar ta mutu a bakin mutane kafin Jabiru ya amsa.

"Da ɗan jimawa, Baba. Wayar gida ba caji. Sai da anka yanke cibi, anka yi ma jinjira wanka, sannan anka samu ta aro wurin maƙwabta."

"Ba ka dai ji da kyau ba," in ji tsohon, muryarsa ta zama ta roƙo. "Mata ba su san lokaci ba in ana wagga hidima. Sake tambaya."

"Alhaji na gida, Baba. Shi yay yi mata kiran salla ga kunne da bakinai."

Kowa ya gane jinjirar ta riga kalmar Maccido isowa duniya. Baba Maharazu ya zauna a benci a hankali, ya dafa gwiwoyinsa, tsufansa duka ya fito. Daga masallacin unguwa lasifika ta yi ƙara, ladan ya fara kiran la'asar, amma ba wanda ya nemi buta. Maccido na nan zaune a ƙasa inda yake tun azahar, hannuwansa a kan cinya.

Jabiru ya sake saurarar wayar, sannan ya miƙo masa. "Marwa ta ce a ba ka."

Ya karɓa da hannu biyu. Da farko hayaniyar mata ya ji, da ƙarar kwano, da wani siririn kuka can ciki. Sannan muryarta ta zo, a gajiye, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Maccido," in ji Marwa. "Ka samu ɗiya. Allah shi raya maka ita."

Ya ce amin, ko kuma ya motsa baki dai. Tun ranar da aka kai ta gidansa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, ko cikin wasa, ko cikin faɗa, don matar aure ba ta kiran sunan mijinta. Yau ta kira shi sarai, yadda ake kiran kowa.